Gyaran da Rahmatu Ta Yi wa Asid

Sabon Birni,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ƙanwata Halimatussa'adiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Malam Hussaini da yara baki ɗaya. Allah Ya tsare ku daga ciwo da tashin hankali, Ya sa zaman Zariya ya ci gaba da yi maku albarka. Mu ma nan lafiya muke gwargwado. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zama bakin ɗakinta da kwanonin awo, tana sayar da gero da wake tana faɗa da 'yan aike. Ruwa ya yi kyau bana, geron gonar bayan gari ya fitar da kai. Gonar Gangara ce ba mu noma ba, kin san dalili, ba sai na sa shi a takarda ba. Uwar yarana Maryamu na lafiya, Muzammilu ya shiga izu na biyar wajen Malam.

Kin san ni da waya. In na kira ki, gaisuwa kawai za ni yi, layi ya yanke, in ce Allah Ya nufa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don maganar ɗiyarki Rahmatu ta wajena ce, kuma ina son ki ji ta daga farko kafin ki yanke mani hukunci. Sakamakon jarrabawarsu ta gama sakandare ya fito. Ta samu kiredit a Turanci da lissafi da bayoloji da fizis, amma a kemistiri fas ta samu. Makarantar koyon aikin jinya da ta ƙwallafa rai a kai ba ta ɗaukar mai fas a kemistiri. Fanni guda ya tare mata ƙofa, kuma shi ne fannin da ni da kaina na zauna na koya mata.

Ga yadda abin ya faru. Malaminsu na kemistiri, Malam Marwan, mutumin Isa ne, a kan babur yake zuwa. Da hanya ta lalace sai iyalinsa sunka hana shi, ban kuwa ga laifinsu ba. Aji ya zauna ba malami kusan zango biyu. Na duba na ga ni ma na yi kemistiri a zamaninmu, har ina cikin masu ɗan ƙoƙari, sai na ce wa Rahmatu ta kawo littafinta. Kullum bayan la'asar in na rufe shago mukan shimfiɗa tabarma gindin darbejiya. Nakan karanta babin tukuna ni kaɗai, in warware misalan, in duba amsa a bayan littafi, sannan in yarda in koya mata, don ban amince da abin da ya rage a kaina ba bayan shekaru masu yawa.

Ɓangaren lissafin ya tafi daidai, wannan za ni iya rantsuwa a kai. Abin da ake kira mol ne ya fara ɗaure mata kai. Na ce mata ta dubi Inna: ba wanda ya taɓa ganin Inna tana ƙirga ƙwayar gero ɗaya-ɗaya, aunawa take yi. To ƙwayoyin sinadari sun fi gero ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka masana sunka tsayar da wani adadi babba sunka sa mishi suna mol, ana gane shi ta nauyi. Mol guda na ruwa giram goma sha takwas ne, na gishiri hamsin da takwas da rabi, na sodar sabulu arba'in. Yawan ƙwayoyin ɗaya ne, nauyin ne ya bambanta. Sai ta ce ashe in an narka giram huɗu na sodar a lita guda ta ruwa, kashi ɗaya cikin goma na mol ke nan a ciki. Halima, na ji daɗin da ban san yadda za ni faɗa maki ba. Ran nan a littafin da nake rubuta al'amuran yini, layi guda na rubuta, cewa yarinyar ta fi ni kai.

Matsalar tana wajen aikin hannu. A jarrabawar akwai wani gwaji da ake kira taitireshan. Ana zuba asid a wani dogon bututun gilashi mai lambobi da famfo a ƙasa, sunansa buret. A ƙasansa akwai kwalba mai ɗauke da kishiyar asid ɗin, wato bes, an ɗiga mata wani ruwa mai canza launi. Ɗalibi ya riƙa sakin asid a hankali har launin ya juya, ya tsaya nan take, ya karanta lambar. Da wannan lambar ake lissafa ƙarfin ruwan. Buret ɗin makarantarsu yana kulle a kabad, ba malamin da zai buɗe. Ni ma a zamaninmu daga nesa na gan shi, malami na yi muna kallo daga bayan aji.

Sai na yi dabara, kuma na yi alfahari da ita fiye da yadda ya kamata. Na karɓo sirinji wajen Shafi'u mai kemis, ya zama buret ɗinmu. Ruwan tsamiya ya zama asid, ruwan kanwa ya zama bes. Abin canza launi kuwa soɓo munka jiƙa, don kin san in aka sa mishi kanwa yakan koma kore-kore mai duhu, in tsami ya yi yawa ya dawo ja. Munka yi ta yi a kofin gilashi. Maryamu ta ce mun mayar mata da madafi makaranta, kuma duk ranar da ta nemi tsamiyar kunu ta rasa, kunun kemistiri za mu sha.

Abin da ban sani ba shi ne soɓo ba ya juyawa lokaci guda. Daga kore ya koma toka-toka, ya yi shuɗi-shuɗi, ya yi ja mai duhu, sai can ya yi ja sosai. Rahmatu takan tambaye ni inda za ta tsaya, ni kuma ban sani ba, sai na ce ta bari jan ya kama sosai don a tabbatar. Inna na zaune tana kallonmu daga bakin ɗakinta. Duk sanda Rahmatu ta ɗauke yatsa daga sirinjin, sai Inna ta ce wace irin marowaciyar likita ce wannan, ko mai sayar da manja yakan ɗiga gyara, ita jikarta ta tsaya cif kamar wadda ake bi bashi. Rahmatu ta mayar mata cewa tsohuwa ta kula da kwanonta, ta bar masu ilimi su yi aiki. Inna ta ce ilimin da ya hana mutum gyara ba da shi za a yi mata allura ba. Mu yi dariya, Rahmatu ta ƙara ɗan matsawa don ta rufe bakin kakarta, ni kuma in rubuta lambar. Kin san gidanmu. Ba a taɓa auna wa mutum abu a tsaya daidai baki ba, ko gishirin miya ne sai an ɗora kaɗan a kai. Da wannan munka tashi, ban taɓa ganin aibinsa ba, ban kuma hango cewa hannun yarinya yana koyon abin da bakinmu ke faɗa da wasa ba.

Ranar jarrabawar aikin hannu ta dawo ba ta ci abinci ba. Sai washegari ta gaya mani. Ta ce ruwan kwalbar rawaya ne, tana sakin asid, ɗigo guda ya faɗa sai duk ya koma ruwan lemu lokaci guda. Ta ce ba ta yarda abu zai ƙare da sauri haka ba, sai ta ci gaba har ya yi jan da ta saba gani a kofinmu, sannan ta ɗan ƙara. Haka ta yi duk maimaicin da anka ce su yi, lambobinta sunka yi kusa da juna, ta ɗauka ta dace. Da sunka fito ƙawarta Sadiƙa ta faɗi tata lambar, wasu ma sunka faɗi tasu, duk suna kusa da juna, ta Rahmatu kaɗai ta yi sama. Ba ta ce mani laifina ne ba. Da ta faɗa da ya fi mani sauƙi.

Bayan sakamako ya fito na bi ayarin motoci zuwa Isa ran kasuwa, na nemi Malam Marwan. Na kwashe labarin na gaya mishi. Da na kai wajen gyaran Inna ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya dubi fuskata ya daina. Ya ce dabarar soɓo ba ta da laifi don nuna wa yaro abin da ke faruwa, amma tsamiya da kanwa masu sanyin hali ne, shi ya sa launin ke jan ƙafa. Na jarrabawa kuwa ɗigo guda ne tsakanin daidai da kuskure, kuma ba a koyon wannan sai yatsa ya saba da famfon buret. Ya kuma ce kada in ɗora wa kaina duka, don ana ba da maki a kan lissafin ko da lambar ta kauce, wataƙila akwai inda ta yi rauni a rubutacciyar jarrabawar ma. Na gode mishi. Amma tun daga Isa har gida ina juya maganar, ban san ko gaskiya ya gaya mani ko tausayina ya ji ba. Har yau ban sani ba. Inna kuwa ban gaya mata komai ba, na kuma roƙi Maryamu kada ta faɗa. Ita a wajenta jarrabawa ce ta zo da wuya, kullum tana yi wa masu gyaran takardun addu'ar shiriya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda Rahmatu ta koma. Ba kuka take yi ba. Ta tattara littattafanta ta ba ƙanwar Sadiƙa, ta ce wa mahaifiyarta a nema mata wajen koyon ɗinki. Ɗinki sana'a ce mai albarka, ban raina ta ba, kuma da son ranta ne da ni za ni kai ta da kaina. Amma na san ɗiyata. Yarinyar da tun tana firamare take bin ungozoma tana riƙe mata jaka ba ɗinki take so ba, gudun sake faɗuwa take yi. Akwai jarrabawar da ake sake zama a ƙarshen shekara, kuma ana kan rajista yanzu. Malam Marwan ya ce in ta samu wata biyu a inda akwai ɗakin gwaji da malami, ba ya shakkar za ta ci. Nan babu, Isa ma babu wanda za ni iya dogara da shi. Na tuna kin taɓa cewa makarantar da Malam Hussaini ke koyarwa tana da kayan gwaji, har ana yi wa masu sake zama darasin yamma.

To ga inda nake jin kunyarki. Ni da ba na sayen buhun sukari sai na kwana ina tunani, na yi abin da ban taɓa yi ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na dawo masallaci na iske ta tana auna wa Inna wake, fuskar nan ba walwala. Ban san sanda bakina ya buɗe ba, na ce mata Goggonta ta Zariya ta ce ta zo ta zauna wajenta ta sake jarrabawar, kuma Malam Hussaini ya yarda. Ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni ko da gaske ne Goggo ta faɗa da bakinta. Na ce da gaske ne. Kafin magariba ta je gidan su Sadiƙa ta karɓo littattafanta. Jiya na ga ta wanke kayanta ta shanya, tana tambayar Maryamu ko Zariya ana sanyi.

Halima, na yi alkawari da sunanki da sunan mijinki ba tare da na tambaye ku ba. Na san gidanku ɗaki biyu ne, na san ɗawainiyar da ke kanku, kuma Malam Hussaini yana da haƙƙin ya ji haushina. Ki karanta mishi wannan takarda duka, kada ki tsallake inda na yi ƙarya. Abincinta da rajistarta suna wuyana, da an yi girbi za ni aiko da gero. In kun ga ba zai yiwu ba, ba za ni riƙe ku a zuciya ba ko kaɗan. Abu guda nake roƙo: kada ki kira wayar Maryamu, don Rahmatu ce ke ɗauka. Ki kira ni a shago. In a'a ce, ni ya kamata in tsaya gabanta in faɗa mata, tunda ni na ce mata i.

Ki gaishe mani da Malam Hussaini gaisuwar girmamawa, da Amiru da Khadijat da auta Mubashshir. Inna ta ce a gaya maki daddawar da kinka aiko ba ta kai ta Gobir ba, amma ta cinye. Maryamu da Muzammilu suna gaishe ku. Rahmatu ma ta ce in gaishe ki, in kuma ce maki ta gode. Na rubuta kamar yadda ta faɗa.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Yayanki,
Gwadabe