Wuƙar da Na Zaɓa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka.

Shekarata saba'in da shida, hankalina garau yake, kuma ba na bukatar tausayin kowa, balle naka, kai da na goya. Abin da yayarka ta gaya maka cikin kuka gaskiya ne: akwai ƙullutu a nonona na hagu. Ni na gano shi da yatsuna, waɗanda suka shekara arba'in suna gano irinsa a jikin wasu matan. An gutsuri tsoka an gwada, kansa ce, wato ciwon daji.

Ta ce kana shirin ɗauke ni zuwa ƙasar da kake aiki. Ka dakata. Lokacin da na fara tiyata, duk macen da ta zo da wannan ciwo hukuncinta ɗaya ne: a cire nonon gaba ɗaya, a ƙwaƙule hammata, a sallame ta da kumburarren hannu. Na ƙarar da ƙuruciyata ina jayayya da manyana a kan cewa kansa iri-iri ce, mata ma iri-iri ne, dole a yi wa kowace magani daidai da ita. Na raini sashen tiyatar asibitin nan tun yana ɗaki biyu da fanka mai ƙara. Kullum ina gaya wa matan da ke zaune kan bencin jira cewa a nan ma ana warkewa. Idan suka ji mai faɗar haka ta hau jirgi ranar da abin ya zo kanta, wace ce za ta ƙara yarda a yi mata aiki? Gida za su koma su ɓoye, sai ciwon ya fashe a kawo su ranga-ranga.

A asibitina za a yi mini tiyata.

Ka gaida matarka, ka shafa mini kan yara.

Mahaifiyarka

Umma,

Ina gaisuwa. Ya jiki? Na san za ki ce wa ya aike ni, to na dai tambaya.

A tsaye na karanta wasiƙarki, kamar ɗalibin da ya makara. Haba Umma! Matan benci suna da masu kula da su, ni ke kaɗai gare ni. Yaran da kika bari a sashen nan, ba ke ce kike cewa ko ɗinkin buhu ba su iya ba? A nan akwai injunan da ko labarinsu bai kai can ba. A cire komai, a ɗaura ruwan maganin, a yi duk abin da ake yi, hankalinmu ya kwanta.

Kada ki yi fushi: na kira shugaban sashen, ya yi mini alkawari ba zai taɓa ki ba sai na iso. Ƙarshen wata ina tafe, kuma tare za mu dawo, ko da ɗaukar ki zan yi cak.

Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗanki mai taurin kai, wanda ya gada

Auta,

Na amsa gaisuwarka. Fushi kuwa na yi shi, na gama.

Shugaban sashen yana cika maka alkawari, shi ya sa yake sauya hanya idan ya hango ni. Ni na koya masa riƙe wuƙa; ƙarfin hali ne ban samu damar koya masa ba.

Akwai abin da ba ka sani ba. Muna da zaman da muke yi kowane mako, inda ake karanta bayanin mara lafiya ba tare da suna ba, kowane likita ya faɗi ra'ayinsa. Har yanzu suna ajiye mini kujera. Tun kafin labarina ya fita na sa aka karanta nawa, ina zaune ina sauraro. Ɗaya ya ce tsohuwa ce, a ba ta ƙwayoyi ta je gida ta jira lokacinta. Wani ya ce a cire duka, irin shawararka. Sai Gajeriya, yarinyar nan da sai an sa mata abin takawa take kai teburin tiyata, wadda na sa kuka ba adadi, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, kafin mu yi wa baiwar Allah jana'iza, wa ya tambaye ta? Ita kaɗai take zaune? Da wane hannu take aiki? Gwaji ya nuna kansar mai tafiya a hankali ce, kuma tana jin magani. A cire ƙullutun kaɗai, a duba kaluluwar farko, a bar mata hannunta."

Wani ya ce, "Ke dai ba kya gajiya da tambaya."

Ta ce, "Da tsawa aka koya mini, Likita."

Ni bahaguwa ce, ni kaɗai nake zaune, ni nake tuƙa kaina. A cikin injunanka babu wanda zai tambaye ni wannan. Gajeriya kuwa ba ka kira ta ba, domin ba ka san da ita ba.

Ka huta lafiya.

Mahaifiyarka

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, domin ba a son in daɗe a zaune.

An yi aikin jiya da safe. Ni na sa hannu, Gajeriya ta yi. Na ƙi ɗakin manya, ina babban ɗakin mata, gadon tsakiya, inda kowa ke ganina. Matar da ke gefena sau biyu tana guduwa ranar aikinta. Yau da ƙafarta ta tafi ɗakin tiyata.

Na duba ɗinkin a madubi. Ya fi nawa kyau. Idan ka zo, kada ka gaya mata.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mahaifiyarka