Hoton Tsaunin Kakata Ya Ƙi Haɗuwa

Anti, ki yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Na san manya ne ke kawo miki manyan matsaloli, ni kuwa 'yar aji biyar ce a sakandare, damuwata kuma a kan hoto ce kawai. Amma na rasa wanda zan gaya wa. Don Allah ki taimake ni.

Kakata ta wajen uwa tana zaune tare da mu. Da can kullum da yamma takan hau saman benenmu, ta zauna tana kallon tsauni da kogi da layin dogo. Tun da gwiwoyinta suka ƙi, shekara biyu ke nan ba ta taka matakala ba, tagar ɗakinta kuma bango take kallo. Yanzu ana wani dogon gini a gabanmu, kowane mako sai ya cinye wani ɓangare na tsaunin. Ita ba ta sani ba. Takan tambaye ni ko komai na nan yadda ta bari, in ce mata e.

Malamin kwamfutarmu ya nuna mana manhajar da ke ɗinke hotuna su zama guda ɗaya mai faɗi. Sai na ƙudurta zan yi wa Kaka irinsa na tsaunin, in manna mata a bango. Ba ni da waya. Ta yayata nake ɗauka a ɓoye idan ta shiga wanka, in ruga sama, in ɗauki biyu ko uku, in tura zuwa imel ɗina, in goge, in mayar. Yau gefen kogi, jibi tsakiya, wani makon gefen layin dogo. Mako bakwai ke nan.

Ranar Laraba muke shiga ɗakin kwamfuta. Duk gwadawar da na yi, a karkace abin ke fitowa: sama rabi fari rabi toka-toka, tsaunin a karye, ginin kuma hawa uku a nan, hawa biyar a can. 'Yan ajinmu har sun sa mini suna Telar Tsauni. Mama ta ga makina ya sauka, ta ce hankalina ba ya jikina, kuma gaskiyarta ne. Na gaji, Anti. In haƙura ne? Idan kin ba ni izini, zan so in sake rubuto miki.

'Yarki mai jin kunya

'Yata, damuwarki ba ƙarama ba ce, kuma ba ki da laifin rashin iyawa. Ɓoyon ne ya wahalar da ke. Manhajar tana neman hotunan da aka ɗauka a lokaci guda, cikin haske ɗaya, ke kuwa kin ba ta ranaku dabam-dabam kin ce ta mayar da su yammaci ɗaya.

Ki sami yayarki ki gaya mata komai, ki ba ta haƙuri, domin ɗaukar kayanta a ɓoye ba daidai ba ne. Ki roƙi aron minti goma. Ki tsaya wuri ɗaya, kada ki taka, wayar za ki riƙa juyawa a hankali daga hagu zuwa dama. Kowane hoto ya ɗan hau kan wanda ya gabace shi da kamar kashi ɗaya cikin uku. Ki danna allon ki riƙe har hasken ya kulle. Ki maimaita ɗaukar sau uku, ki sauko.

Mamanki ma tana da gaskiya. Asabar ɗin nan kaɗai na ba ki, magina ba za su jira ki ba, jarrabawa ma haka. Abin da ya fito bayan kin ɗinke ranar Laraba, ki kai a buga shi, ko da ɗan karkace.

Kuma kada ki yanke ginin daga hoton. Kakarki ta ga sauyin da ya fi wannan a rayuwarta. Ki zauna kusa da ita, ki nuna mata da yatsa, ki bar ta ta ba ki labarin yadda wurin yake a da. Ki rubuto duk lokacin da kika so. Allah Ya ba Kaka lafiya, Ya yi miki albarka.