Na ba ƙanena gwangwanayen kek masu tsatsa, matarsa ta ɗauki laifin

Daga admin: Wani dattijo ne ya turo, ya ce a ɓoye sunansa. A yi masa magana da ladabi.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah ku ba ni shawara. Na girmi yawancinku, karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Akwai abin da na yi da hannuna shekara shida da suka wuce, da ana mayar da rana baya da na mayar da waccan ranar. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko uwar 'ya'yana.

Ni ɗan Ƙofar Ran ne a nan Bauchi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, burodi da kek yake gasawa, ni ya fara koya wa. Ƙanena kuma, zan kira shi Ɗanlami duk da ba sunansa ba ne, a hannuna ya koya. Ni na nuna masa yadda ake buga bota da sukari har su yi fari, ni na nuna masa yadda ake gane zafin tanderu da bayan hannu. Da ya yi ƙarfi sai ya koma Gwallameji ya kama shago, ya sayi obin na gas, ma'aikatan ofis suna tsayawa da motocinsu suna saye. Ni ina nan cikin gari da tanderun Baba na itace. Da farko na yi murna, wallahi na yi. Amma sai ya zama duk bikin da na je, kek ɗin Ɗanlami ake yabo. Matan unguwarmu da suka san ni tun ina saurayi, su hau keke napep su wuce ƙofar gidana su tafi Gwallameji. Wata rana a masallaci wani ya gabatar da ni ga baƙonsa, ya ce wannan yayan mai kek ne. Na yi dariya, amma abincin ranar bai shiga ba.

To sai ya samu babbar oda, kek ɗin gara na 'yar wani mutumin Fadaman Mada, dangin ango kuma manyan mutane ne. Gwangwanayensa ba za su isa ba, ya zo ya durƙusa ya ce, "Yaya, ka ara mini na Baba." Su waɗannan gwangwanaye na baƙin ƙarfe ne, tun da kasuwata ta ja baya na jibge su a ɗakin ajiya, rufin yana yoyo, damina biyu ta wuce a kansu. Da na ɗauko su na ga tsatsa ta ci gindinsu da kusurwoyi, wasu har ɓawo suke yi, ga tsohon maiƙo ya daskare yana warin ruma. Na san hukuncinsu. Baba ya sha faɗa mana cewa tsatsa in sama-sama ce a kankare da yashi, a wanke, a busar a wuta, a shafa mai. In ta ci rami kuwa a jefar, don datti yana maƙalewa a ramin, wanki ba ya fitar da shi.

Ban jefar ba, ban kuma kankare ba. Na goge da tsumma, na shafe su da man gyaɗa, na saka a tanderu har suka yi baƙi ƙirin suna sheƙi. Duk mai wannan sana'a ya san baƙin gwangwani shi ne wanda ya sha wuta ya zauna, shi ake so. Ina yi ina gaya wa kaina ai aro ya nema, ban ce masa sababbi ba ne. Ƙarya nake wa kaina. So nake a ce sau ɗaya dai kek ɗin Ɗanlami bai yi kyau ba.

Akwai abin da Baba ya koya mana, kafin ka zuba kwaɓi ka murza farin ƙyalle a cikin gwangwani, in ya fito da ja kada ka yi amfani da shi. Ɗanlami ba ya tsallake wannan. Ranar ya tsallake, don daga hannuna suka fito. Matarsa, zan kira ta Hadiza, ita ke wanke masa kayan aiki, ta ɗauraye su kamar yadda ta saba ta goge ta kife su. Aka gasa, aka jera a kwalaye aka kai.

Kashegari dangin ango suka dawo da kayan. Gindin kek ɗin duk ɗigo-ɗigon ja da baƙi, a baki kamar ka tsotsi ƙusa. Aka ce wasu da suka ci sun yi ciwon ciki, ban sani ba ko kek ɗin ne ko wani abu, amma shi aka ɗora wa. Uwar amarya ta zo shagon da kanta ta yi masa tas a gaban mutane, ta ce ya kunyata 'yarta a gidan miji tun ba ta zauna ba. Labari ya zaga, har ana ce masa mai kek ɗin tsatsa.

Na zaci kaina zai zo. Bai zo ba. Kan Hadiza ya juya, ya ce ita ta bar su da ruwa suka kwana. Ta rantse ta goge su, ya ce to tsatsar daga sama ta faɗo? Ni da shi duk mun san kwana ɗaya ba ya yin irin wannan tsatsa, amma zuciyarsa ta ƙi kawo ni. Rigima ta yi tsanani har ta tafi gidansu wata biyu. Kuma ku ji abin kunya, ni aka tura biko. Na zauna gaban mahaifinta da babbar riga ina cewa a yi haƙuri, kuskure ne, kowa yana yi.

Abin da ya fi damuna, ku yafe mini, shi ne a watannin da shagonsa ya yi shiru na ji daɗi. Kwastomomi biyu uku suka dawo wurina, ina ta fara'a. Bai daɗe ba ya farfaɗo, ya zubar da duk baƙin ƙarfe ya koma na silba, yanzu har mata yake koya wa sana'ar. Kuma har yau in na ga hoton kek ɗinsa a wayar 'yata, abin nan yana taso mini a ƙirji. Na yi istigfari, na yi azumi, bai mutu ba. An gaya mini duk ajin da ya buɗe sai ya ba da labarin, yana dariya yana cewa ku tambayi madam abin da ruwa ke yi wa gwangwani. Tun daga lokacin bai sake barin ta taɓa kayan aikinsa ba.

Juma'ar da ta wuce Hadiza ta zo duba ni don ƙafata na ciwo, ta kawo farfesu. Da za ta tafi sai ta sake durƙusawa ta ce, "Yaya, akwai abin da ban taɓa neman gafararka a kai ba. Gwangwanayen Baba da na lalata maka." Na ce ba komai, Hadiza. Ta ce, "A'a, ka ce ka yafe, kayan gado ne." Na buɗe baki na ce na yafe. Ni, na yafe mata. Ta yi godiya ta tafi, farfesun yana nan har ya huce ban iya taɓa shi ba.

To jama'a, ya zan yi? In kira su biyun in faɗi gaskiya? Ɗanlami uba ya ɗauke ni, in ya ji ban san ko zai sake taka gidana ba, ga 'ya'yanmu sun shaƙu. Ko ita kaɗai zan samu in roƙa? In na yi haka na ɗora mata wani nauyin, ta riƙa ɓoye wa mijinta. Ko in ce masa ban lura da tsatsar ba ne, a wanke ta ba tare da na tona kaina duka ba? Na san wannan rabin gaskiya ce, kuma ita zuciyata ta fi so, shi ya sa nake tsoronta. Malaman cikinku ku gaya mini, yafiyar da na karɓi roƙonta alhali ni ne mai laifi, ina matsayinta?

Masu gasa kek kuma, ku murza farin ƙyallen nan ko daga hannun wa gwangwani ya fito, wanda tsatsa ta ci rami ku jefar. Ku kuma da kuke da ƙanne, in Allah ya ɗaga su sama da ku, don girman Allah kada ku yi abin da na yi. Ina nan ina karanta amsoshinku, Hadiza ta ce za ta dawo ɗaukar kwanon farfesunta ranar Juma'a.