Hoton Mahaifiyata a Tagar Kamfaninku

Zuwa ga Mushe Darakta,
Shugaban kamfanin yawon shaƙatawa a jirgin ruwa,
Titin bakin teku, Lome.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka.

Sunana Ilyasu Garba. A Lome aka haife ni, a tsohon Zango, kafin a tashe mu a mai da mu nan bayan gari. Ina da shagon rediyo da firji kusa da Babbar Kasuwa. Ina cikin waɗanda suka shiga jirginku a hutun 'yan lakwal na bana, wato hutun makaranta, ni da matata Salamatu, da 'ya'yanmu mata biyu, da mahaifiyata Hajiya Rabi, wadda ta haura saba'in.

Ban so maganar nan ta kai ga jarida ba, amma ga shi ta jaridar nake rubuto maka. Na yi ta zarya biro ɗinka, wato ofishinka, har mai gadi ya san ni, kullum sakatariyarka ta ce kana taro. Abokai sun ce in haƙura, wai kana da manya a jam'iyya. Ni ma katin jam'iyyar yana aljihuna kamar na kowa, 'ya'yana kuma suna fita rawar tarbar baƙi duk ranar da aka kira makarantarsu. Wannan magana ba ta shafi hukuma ba. Tsakanina da kai ce, ɗan kasuwa da ɗan kasuwa.

Ya kamata ka san abin da ya kai mu jirginku. Mahaifiyata tana da wa, Kawu Bawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ina ƙarami ya bi masu ɗibar leburori zuwa tsibirin da tsofaffinmu suke kira Fanya, inda birnin Malabo yake, aikin gonar koko. Can ya rasu. Labari kawai ya iso mana ta bakin wani ɗan tireda. Da na ga tallanku cewa jirgi zai tsaya a Sawo Tome da Malabo, kuma a kowace tasha akwai motar haya tana jiran kowane iyali su zaga yadda suke so, na je biro na tambayi ma'aikacinku baki da baki. Na gaya masa akwai tsohuwa, akwai kabari. Ya ce in kwantar da hankalina. Inna ba ta son ruwa, ko bakin teku ba ta zuwa, amma da na kai mata labari cewa ta yi, "In dai zan tsaya a kan Yaya Bawa, ka sa ni ko a kwalekwale ne."

Ga abin da muka tarar.

Na ɗaya: ɗaki. A biro an nuna mini hoton ɗaki mai taga. Wanda aka ba mu yana can ƙasa a jikin inji, babu taga, bango kamar murhu. Washegari bayan gida ya toshe. Duk lokacin da jirgi ya karkata, sai ruwan ƙazanta ya taso ya bi ƙarƙashin gadaje, ya koma, ya sake dawowa. Mu masu salla ne, Mushe Darakta. A ina za mu shimfiɗa darduma? Salamatu, wadda na ɗauko don ta huta, ita ta riƙa kwasar najasar jirginku da bokiti. Na kira jagoran da kuka haɗa mu da shi, Mushe Edmon. Ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci, ya ce za a duba, sannan ya ƙara da cewa ai mu mutanen Zango mun saba da irin wannan. A gaban 'ya'yana ya faɗa. Har muka sauka ba a duba ba.

Na biyu: abinci. Tun a biro na faɗa cewa mu Musulmi ne, aka ce babu damuwa. A kan tebur, in babu alade a miya to akwai giya. Da na yi magana, mai rabon abinci ya sa cokali ya tsame yankan aladen daga farantin Inna, ya turo mata sauran, yana jiran godiya. Burodi da ayaba muka ci, da garin rogo da ƙuliƙulin da Salamatu ta ƙunso daga gida ina yi mata dariya.

Na uku: motar Sawo Tome. Ba zan ɓoye alheri ba, tsibirin nan Allah ya yi masa kyau. Kore ne tun daga bakin ruwa har kan duwatsu, 'ya'yana suna ta nuna wa kakarsu, har ta yi murmushi. Da muka sauka, ga motoci a jere, masu tsabta. Aka bi Turawa ɗaya bayan ɗaya ana miƙa musu makulli. Tamu ita ce ta ƙarshe. Ƙofar baya da igiya aka ɗaure ta. Kujerun sun sha ruwan kifi, da ka zauna sai ya tsattsafo ta jikin riga, kyankyasai suna fitowa daga ƙarƙashin sitiyari. Babbar 'yata ta yi amai tun ba mu bar tasha ba. Duk da haka na ce mu je, tunda mun zo. Muka hau hanyar gonakin koko, muka ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, muka tsaya yara suka wanke ƙafa. A dawowa, kan gangara, na taka birki ya tafi har ƙasa babu komai. Hagu rami ne, dama bangon ƙasa. Na kai motar jikin bangon na riƙa goga ta har Allah ya tsayar da ita. Ƙaramar 'yata ta fasa leɓe a jikin kujera. Mutanen wani ƙauye ne suka fito, ba ma jin yarensu ba sa jin namu, suka wanke mata baki, suka fasa mana kwakwa, suka sa mu a motar wani mai kai ayaba gari. Abin da Mushe Edmon ya fara tambaya shi ne wa zai biya gyaran fenti. Bai kalli bakin yarinyar ba.

Na huɗu: Malabo. Duk abin da na lissafa a sama da na yafe shi, da wannan ranar ta tafi daidai.

Da safe Inna ta yi wanka da ruwan da na roƙo mata a kicin, ta sa farin mayafin da ta zo da shi daga Makka. Ta riga kowa isa bakin tsani. Muka sauka, babu motarmu. Mushe Edmon ya ba wasu Turawa biyu ita, wai tasu ba za ta iya hawa dutse ba, su kuma suna son ɗaukar hoto kafin hazo ya rufe. Na ja shi gefe na tuna masa abin da ya kawo mu. Ya dafa kafaɗata yana dariya ya ce, "Alhaji, su hazo suke gudu. Wanda za ku gani ai ba inda za shi."

Muka zauna a tasha cikin rana, a kan wasu buhuna, har azahar ta gota. Sannan aka kawo wata mota. Jirgi kuma zai tashi bayan la'asar, fasfo ɗinmu duk suna hannun ma'aikatanku.

Na tuƙa cikin gari ina tambaya har muka sami masallacin Hausawa. A nan muka tarar da wani dattijo, Malam Shu'aibu, mutumin Zariya, wanda ya tsufa a tsibirin. Inna ta gaishe shi, ta ambaci sunan wanta da garinsu. Ya dubi fuskarta, sannan ya ce, "Bawa dogo, mai ɗan ɗingishi? Hajiya, ai ni na yi masa wanka." Inna ta zauna a ƙasa a ƙofar masallacin. Tsawon shekarun nan ba ta ma tabbata an yi masa sutura irin ta Musulmi ba.

Malam bai tsaya neman komai ba, ya ɗauki sandarsa ya shigo mota. Maƙabartar tana bayan gari. Mun bar gidaje mun shiga hanyar gonaki ke nan, tayar baya ta fashe. Na buɗe bayan mota, babu tayar canji, babu jak. Tayar da ta fashe kuwa wayoyinta duk a waje suke, wanda ya ba ni makullin ya san haka. Malam ya nuna wata bishiya can gaba a kan tudu, ya ce bayanta ne. Ga matashi ba nisa, amma ba ga mai ciwon gwiwa irin Inna ba. Muna tsaye muka ji ƙahon jirginku daga ƙasa.

Inna ta gyara mayafi ta kama hanyar tudun da ƙafa. Ni na bi ta. Ni na riƙe hannunta na juyo da ita, saboda ina da mata da yara a ƙasar da ban san kowa ba, ba takarda a hannuna. Ta ce, "Ilyasu, ga shi can fa." Na ce na gani, Inna. Tun da ta haife ni ban taɓa hana ta abin da ta nufa ba sai ranar, kuma kamfaninka ne ya sa ni.

Wata motar ɗaukar koko ce ta mai da mu tasha. Malam Shu'aibu ya yi mata alkawarin zai je ranar Juma'a ya yi addu'a da sunanta. Allah ya saka masa. Mushe Edmon kuwa agogonsa ya nuna mini.

Da jirgi ya fara ja da baya, Inna ta ce in hau da ita sama. Ta tsaya a jikin ƙarfe tana fuskantar tsibirin, ta ɗaga hannu biyu tana yi wa wanta addu'a, hawaye yana zuba. Na ga mai ɗaukar hoton kamfaninku yana zagayawa a wurin. Ban kawo komai a raina ba.

Na biyar, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa. Bayan dawowarmu, wata ƙawar Inna, Maman Afi mai sayar da atamfa, ta zo gida da murnarta tana cewa ta ga Hajiya a cikin gari, ta zama tauraruwa. Ba mu gane ba. Inna ta ce in kai ta. Na yi ta kawo uzuri, ta ce ko in kai ta ko ta shiga motar haya.

Hoton yana tagar biro ɗinka, ya fi tsayin mutum. Mahaifiyata ce, da farin mayafinta, tsibirin yana bayanta. Kun ɗora sunan kamfaninku a kan hannunta na hagu ya rufe shi, saura na dama a sama, kamar mai ɗaga wa wani hannu. Kun goge hawayen. A ƙasa kun rubuta da Faransanci wai kaka tana ban kwana da tsibiran jin daɗi.

Ta daɗe a tsaye tana kallo, masu wucewa suna duban hoton suna dubanta. Ta ce in karanta mata rubutun. Na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. Da na fassara mata, sai ta ce a hankali, "Ashe kukan nawa ma na sayarwa ne." Muka juya muka koma gida.

Yanzu Inna ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki. Matar da duk unguwa ake kira in za a yi wa gawa wanka, yau wasu suna tsokanarta da kakar jirgi, wasu kuma suna gulma wai ɗanta ya sayar da hotonta ga masu gidan giya a kan ruwa. Na ji an buga hoton a ƙananan takardu ana rabawa a otal-otal. Ni ma mai talla ne, Mushe Darakta. Na san a yi wa kaya kwalliya. Amma ban taɓa jin inda aka hana tsohuwa kabarin ɗan'uwanta, sannan aka ɗauki addu'arta aka yi tallan abin da aka hana ta ba. 

Ga abin da nake nema, kuma babu kuɗi a ciki.

A cire hoton daga taga yau, a tattaro waɗanda aka raba, a kawo mini fim ɗin kyamarar da aka wanke hoton da shi, in ƙona da hannuna.

Mushe Edmon ya zo Zango, unguwar da ya ce ta saba da ƙazanta. Za mu shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, mu ba shi ruwa. Ya durƙusa gaban Hajiya ya ba ta haƙuri, a gaban limaminmu da maƙwabtan da suka ga hoton.

Kada ku sake miƙa wa wani mai iyali makullin motar da ba za ku sa 'ya'yanku a ciki ba. In babu mota, ku ce babu. In ba ku iya ciyar da Musulmi, ku faɗa masa tun yana biro.

Ga 'yan'uwana na Zango, da na unguwannin Tokoin da Djidjole da suka riƙa tambayata ko su ma su kai iyalinsu: kun ji yadda aka yi da mu, kowa ya yi wa kansa hukunci.

Daga ƙarshe, ina yi maka addu'a da zuciya ɗaya. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare maka iyali a tudu da ruwa, ya sa kasuwarka ta zama ta halal. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ja da ranta, ya kare ta daga hannun ma'aikata irin naka. Ranar da kai ma za ka tashi neman kabarin wani naka, Allah ya haɗa ka da wanda zai kai ka har bakinsa.

Wassalam.

Ilyasu Garba,
Zango, Lome.