Injin da Ke Cin Lanƙwasa

Sabon Gari, Zariya
9 ga Yuni, 2008

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙarfin jiki, yaya kunnen? Tunda waya ba ta yi maka amfani, na ba Mama Clara wannan ta kawo maka in ta taso daga kasuwa.

Baba, raina a ɓace yake. Kai ne shugaban kwamitin makaranta, kai ka kawo wa kamfaninmu aikin manhajar buga takardun shaida, don haka gara ka ji daga bakina. Ka san aikina gwaji ne: su Lanre su gina, ni in bi ina neman inda za ta karye, kuma ba a cewa an gama sai na ce an gama. To na gano manhajar tana haɗiye duk harafi mai lanƙwasa. Ɗanladi ya koma anladi. Ƙasimu ya koma asimu.

Mu aikinmu zango-zango ne, mako bibbiyu. Kowace matsala a rubuta ta a kati a manna a allo, wadda ke sama ita ake fara gyarawa. Kullum da safe muna taron tsaye, kowa ya faɗi abin da ya tare masa hanya. Kullum sai in faɗi nawa, kullum sai Oga Chuks ya ce, "Mai kaya bai nema ba." Mai kayan kuwa kai ne. Katina yana can ƙasan allo, har gam ɗinsa ya bushe. Lanre ya ce gyaran zai cinye zango guda, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma ni ba zan sa hannu ba.

Ka gaishe da mutanen gida.

'Yarka,
Ƙauna

Samaru, Zariya
12 ga Yuni, 2008

Zuwa ga 'yata Ƙauna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso. Kunne yana nan yadda kika san shi.

Na karanta, kuma ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Duk shekarun da na yi ina hedimasta, tafiretarmu ba ta da lanƙwasa. Mukan buga, sannan mu bi da biro mu ɗora wa harafi ƙugiyarsa, ba wanda ya mutu. An riga an sa ranar bikin yaye ɗalibai, an gaya wa iyaye, wasu daga Bomo da Basawa za su taso. Ina so takardu su fito a kan lokaci.

Ki tuna wahalar da kika sha kafin ki sami aikin nan. Kada taurin kai ya raba ki da shi. Ki yi haƙuri ki bi manyanki.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Mahaifinki,
Mordecai

Sabon Gari, Zariya
17 ga Yuni, 2008

Baba,

Ina gaisuwa, tare da neman gafara in maganata ta yi zafi.

Ka ce in yi haƙuri. Akwai yarinya a ajin ƙarshe mai suna Haƙuri, injin ya mai da ita Hauri. Ka ga ko haƙurin ma bai tsira ba! Tafiretarka tana barin harafi ka ɗora masa ƙugiya. Wannan ba ta barin komai, babu inda biro zai sauka. Yarinyar nan za ta kai takardar neman shiga makaranta, a duba a ce ba sunanta ba ne. Wa zai bi ta ya yi bayani? Ni, ko Lanre?

Jiya a taron tsaye, ban gama buɗe baki ba abokin aikina Temitope ya kwaikwayi muryata, kowa ya yi dariya. Na ji kamar in nutse. Bayan an watse Oga Chuks ya kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce kamfani ƙarami ne, in aka makara ba za a sake ba mu aiki ba, kuma in ban sa hannu ba kafin Jumma'a zai nemo wanda zai sa. Na gaji, Baba. An ɗauke ni don in ga aibi, yanzu ganin ya zama laifina.

Ranar Jumma'a za a nuna muku aikin ƙarshen zango. Sunayen da za a gwada an zaɓe su: Albert, Stephanie, Nnenna. Ba zan roƙe ka komai ba. A tsarinmu dai mai kaya ne ke faɗin katin da zai hau sama, kuma yana da ikon taɓa injin da hannunsa.

Ka huta lafiya.

Ƙauna

Samaru, Zariya
21 ga Yuni, 2008

'Yata,

Ina gaishe ki. Jiya kin ga na fita ban yi miki magana ba, ga dalili.

Da suka ba ni kujera gaban injin, sunan da yatsana ya sani na buga. Auna ya fito. Mahaifiyarki ce ta zaɓa miki suna a gadon asibiti, kuma shi ne abu na ƙarshe da na ji daga bakinta sarai. Ba auna ta ce ba.

Na gaya wa Chuks ya ɗaga katinki sama, kuma ba zan karɓi aikin da hannun kowa ba sai naki. Bai ji daɗi ba. Iyaye kuwa ni zan tsaya gabansu ranar biki hannu wofi, su faɗi abin da za su faɗa, kunnen ma ba ji yake ba.

In an gama, ki fara buga mini sunanki.

Mahaifinki,
Mordecai