Muryar da ke kuka a wayoyin unguwarmu tawa ce

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a unguwar Bulumkutu. A shekarun da gari ya cika da 'yan gudun hijira ina aikin rigakafi gida-gida, sai kawai aka cire sunana aka sa 'yar wani. Raina ya ɓaci matuƙa, ga mijina zaune, tun da aka rufe hanyar Baga sana'ar kifinsa ta tsaya. Wan mijina mai maganin gargajiya ne. Ya same ni ina ta faɗa a tsakar gida, ya ce, "Amarya, ki yi mana 'yar murya a waya, ki ce allura ta kashe miki ɗa. Sauran ki bar mini." Na ce, "Yaya, ai ƙarya ce." Ya ce, "Su da suka kore ki, gaskiya suka yi miki?"

Wallahi na yi. Na toshe hanci da mayafi don murya ta sauya, na yi kuka kamar gaske, na ƙirƙiro yaron da ban taɓa haifa ba na kashe shi da bakina. Shi kuma ya ɗora da cewa yana da jiƙon da ke kare yaro daga ƙyanda ba sai an yi allura ba. Kafin sati muryar ta kai unguwannin Dala da Abbaganaram, mata suka yi layi a ƙofar shagonsa. Ya sayi keke napep, ni aka kawo mini shinkafa da atamfa. Abin kunyar, 'ya'yana uku babu wanda ban kai an yi masa rigakafin ba. Wace irin uwa ce ni?

Akwai wata baiwar Allah da ta gudo daga ƙauye da mijinta muka ba su ɗaki, zan kira ta Yagana. Ranar da masu rigakafi suka zo, ta ɓoye 'yarta Falmata a banɗaki. Na ce, "Ya Yagana, ki bari a yi mata mana." Sai ta ciro waya ta kunna mini muryata, ta ce, "Ke ba ki ji wannan matar ba? Kullum sai na yi mata addu'a, Allah ya ba ta haƙuri." Haka na bari masu rigakafin suka wuce. Da lokacin zafi ya shigo ƙyanda ta kama Falmata, aka yi ta ɗura mata jiƙo, kafin mu kai ta asibiti ciwon ya taɓa idanu. Ta rayu, amma ba ta gani.

Shekara uku ke nan ina kallon yarinyar nan tana lalube a bangon gidana. Yanzu Yagana ta sake haihuwa, ta kuma rantse ba mai taɓa mata jariri da allura. Na je wurin wan mijina na ce zan faɗi gaskiya, ya yi dariya ya ce, "Muryar wa ke ciki? Ke za a fara kamawa, sannan ki nemi wani gidan auren." Mijina bai san komai ba.

Shekaranjiya da hantsi Yagana ta kunna wa wata baƙuwa muryar, ina gefe ina tsince shinkafa. Falmata ta ɗago kai ta ce, "Mama, wannan kamar Antin gidan nan ce take kuka." Uwar ta daka mata tsawa, amma ta juyo ta dube ni, kuma tun ranar ba ta shigo ɗakina ba.

Masu rigakafi za su dawo ranar Asabar. In na yi shiru, jaririn nan fa? In na yi magana, da wane ido zan kalli matar da ta shekara uku tana yi mini addu'a? Jama'a, don Allah, me zan yi?