Ƙarfen Da Ake Cusa Wa Shakazoba Lokacin Kaka

Ikrima Ɗanbala,
Dingaya,
Ƙaramar Hukumar Gwaram.
14 ga Nuwamba, 2023.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Makanikan Babura,
Gwaram.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘARFEN DA AKE CUSA WA SHAKAZOBAR BAYA BA DA SANIN MAI BABUR BA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni mai suna a sama, manomi, ina neman izinin gabatar da kokena kamar haka:

1. Ranar Alhamis, 2 ga Nuwamba, na kai babur ɗina garejin Malam Yahuza saboda shakazobar baya tana yoyon mai. Abin da na nema kawai a sake roba, a zuba mai. Da na dawo ɗauka, na danna kujera, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce kada in damu, irin na kaka ya yi mini. Na ɗauka sunan wani gyara ne.

2. Ranar Talata, 7 ga wata, na goya maiɗakina Ummussalma zuwa awo, cikinta wata takwas. A hankali nake tafiya, Allah ne shaida. Muna faɗawa wani rami, babur ya cilla ta sama, ta dawo kan kujera da ƙarfi. Rigata kawai ta damƙe. A asibiti aka ga jini. Malamar awo ta ce ta kwanta, kada a ƙara jijjiga ta, in kuwa jinin ya dawo a kawo ta nan take.

3. Wani bakanike ya buɗe shakazobar a gabana. Guntun bututun ƙarfe aka cusa cikin sifirin, aka bi da walda, don kada ta lotsa in an labta buhunan dawa. Na koma wurin Malam Yahuza, bai musa ba. Ya ce kowa haka yake nema a wannan lokaci, shi kuma ya ga manomi ne. Ya ƙara da cewa yawancin ’yan acaɓar layinmu an yi musu.

4. Ranka ya daɗe, wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Tawa shakazobar ta lalace wajen cire waldar, sabuwa ba ta iso ba. Mota ba ta shiga unguwarmu. Na zaga tasha ina danna kujerun babura ɗaya bayan ɗaya, har ana yi mini dariya, ban sami wadda ta lotsa ba. In jini ya dawo, a kan ɗaya daga cikinsu za a ɗora Ummussalma.

Ba na neman a hukunta kowa. Ina roƙon mai girma Shugaba ya hana ’ya’yan ƙungiya yin wannan aiki sai mai babur ya nema da bakinsa. Ina kuma roƙo, don girman Allah, a cire ƙarfen daga ko da babura biyu na layin Dingaya cikin makon nan, a sanar da ni masu su, in san ƙofar da zan buga.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da girma.

Naka mai biyayya,
Ikrima Ɗanbala